Yawan finafinai ba kasuwar kowa ba ce

Wata magana na ji a majalisa kwanakin baya da ta ƙi barin raina. Hirar tsadar kuɗin dish ake yi, sai wani abokinmu mai sayar da wayoyi ya yanke hukunci: "Malam, ku daina wahalar da kanku. Talabijin ya riga ya mutu, sutura kawai ake jira. Yanzu duk wanda ya fi tara finafinai a manhajarsa, shi ne da kasuwa." Aka gyaɗa kai, aka koma zancen ƙwallo.

Rabin farko na maganarsa ban ja ba. Kebul da dish suna ja da baya, a Amurka da nan gida, kuma ba mai iya ɗauko matashin da ya saba kallo a waya ya zaunar da shi gaban akwatin falo da ƙarfe takwas na dare. Rabi na biyun ne ya dame ni, domin shi ne kuskuren da manyan kamfanoni suka narkar da biliyoyin daloli kafin su farga.

Ga inda na tsaya. Tashar da mutum ke ciro kuɗi daga aljihunsa ya biya ta duk wata ba ta da hajar da ta wuce iya zaɓe. Ta yi kaɗan, ta yi mai kyau, har ya zama da an ga tambarinta a kan shiri an san ba ɓata lokaci za a yi ba. Ko ta dish ta zo ko ta intanet, wannan duk hanya ce. Amma ranar da ta shiga tseren yawa da Netflix ko YouTube, ta shiga tseren da aka riga aka cinye tun kafin ta ɗaura takalmi.

Abin da ya faru da HBO

Tashar talabijin ta HBO ta soma a Amurka a 1972. Ba ta sa talla. Mutum na da kebul ɗinsa, sai ya ƙara wasu daloli a kan kuɗin wata a buɗe masa ita. A 1975 ta haska damben Muhammad Ali da Joe Frazier kai tsaye daga Manila ta tauraron ɗan'adam, daga nan sunanta ya bazu.

Rashin tallar nan shi ne sirrin. Tashar da ke rayuwa da talla idanun jama'a take sayar wa 'yan kasuwa, don haka kullum dare sai ta tara mutane tuli, kuma tana tsoron duk abin da zai ɓata wa mai talla rai. HBO kuwa abu ɗaya take buƙata: kada ka yanke biyan kuɗinka a ƙarshen wata. Shi ya sa ta iya riƙe The Wire har zango biyar, daga 2002 zuwa 2008, alhali masu kallonsa a lokacin ba su taka kara sun karya ba. Yau masana na lissafa shi cikin mafi kyawun abin da aka taɓa yi a talabijin.

Kafin wani ya ce tallan finafinan Turawa nake yi: da yawa daga shirye-shiryen HBO cike suke da tsiraici da ashar, ba zan kunna su a falona ba. Ba tarbiyyarsu nake yabo ba, tsarin sana'arsu nake dubawa.

A 2013 Netflix ta fito da House of Cards, mai kula da shirye-shiryenta Ted Sarandos ya ce burinsu su zama HBO kafin HBO ta zama su. HBO ba ta yi barci ba. A 2015 ta buɗe HBO Now, wanda mutum zai biya dala 14.99 a wata ya kalla ta intanet ba sai yana da kebul ba. Har nan komai daidai ne. Hanya aka sauya, kaya na nan yadda suke.

Matsala ta fara ne a 2018, da kamfanin wayar tarho AT&T ya sayi Time Warner, uwar HBO, a kan kimanin dala biliyan 85. Sabon uban gida, John Stankey, ya tara ma'aikata ya ce musu sa'o'in da mutane ke yi a gaban HBO sun yi kaɗan, ana son su ƙaru. Cikin 'yan watanni Richard Plepler, wanda ya shafe fiye da shekara 25 a gidan kuma ya shugabance shi, ya ajiye aiki. A 2020 aka buɗe manhajar HBO Max. A 2022 aka haɗe kamfanin da Discovery. A watan Mayun 2023 aka goge HBO daga sunan gaba ɗaya, ya koma Max kawai, aka zubo shirye-shiryen gyaran gida da gasar girki da na masu neman aure daga ƙetare, duka a kwando ɗaya. Hujjarsu ita ce sunan HBO na manya ne, iyaye ba za su sakar wa yaransu shi ba, su kuma kowa da kowa suke so.

Shekara biyu kacal aka yi. A watan Yulin 2025 suka mayar da sunan HBO Max, da bakinsu kuma suka ce ba komai-da-komai mutane ke nema a wurinsu ba, abin da ya fita daban suke nema.

Duk wanda ya taɓa kai ɗinkin sallah ya san wannan labarin. Tela ne da aka sani da aikin babbar riga, sai mutum ya jira wata guda kuma ya biya da daɗin rai. Wata shekara kwaɗayi ya ja shi, ya karɓi ɗinkin unguwa kaf, har da kayan makaranta da labule, ya ɗauko yara ya zuba a kan kekuna, ya ma sauke allon da ke ɗauke da sunansa don kada masu ƙaramin ɗinki su ji tsoron shigowa. Masu ƙaramin ɗinkin suna da wurin da ya fi shi araha. Masu babbar rigar kuma sun zo sun kasa gane shagon.

Showtime, tsohuwar kishiyar HBO, ba ta ma samu damar dawowa ba. A 2023 aka cusa ta cikin manhajar Paramount+, sunanta ya koma jela a bayan sunan wani.

"Ai sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi"

Wannan ce hujja mafi nauyi, kuma ba zan raina ta ba. Netflix ta wuce masu biya miliyan 300 a ƙarshen 2024. Gida ɗaya akwai maigida da uwargida da yara da baƙi, kowa da abin da yake so, kuma wurin da ke da na kowa shi ake barin kuɗinsa na tafiya duk wata. Ga kuma wata sabuwar cuta da intanet ta kawo. A zamanin kebul, yanke tasha sai ka kira kamfani, a yi ta jan ka da magana har ka haƙura. Yanzu dannawa biyu ce. Mutum ya biya wata ɗaya, ya kalli abin da ya kawo shi, ya fice.

Duk gaskiya ne. Sai dai wannan kujerar ta mai-komai ba ta ɗaukar mutum goma. Netflix ta kashe wajen dala biliyan 17 a 2024 kan shirye-shirye, YouTube kuma kyauta ake cika mata rumbu. Da kowa ya ce sai ya zama Netflix, a 2022 finafinai masu dogon zango da aka fitar a Amurka sun kai kusan 600 a shekara ɗaya, a ƙidayar tashar FX. Wane mahaluki ne zai kalli wannan? Shekarar da ta biyo baya adadin ya sauko zuwa 516, domin asara ta fara cizo.

Tambayar da ta dace ita ce: gidan da ya riga ya biya Netflix, me zai sa ya biya na biyu? Ba zai biya don a ƙara masa irin abin da yake da shi har ya gundure shi ba. Zai biya ne don abin da ba ya samu a can.

Batun masu shiga su fice kuwa, tsohuwar dabarar HBO ce ta fi maganinsa: kashi ɗaya duk daren Lahadi. Zango mai kashi tara ko goma ya riƙe mutum wajen wata biyu, ana ta muhawara a wurin aiki da Facebook, kafin ya ƙare an jera wani a bayansa. Ita kanta Netflix da ta yi suna da zube zango gaba ɗaya rana ɗaya, ta koma tsaga manyan shirye-shiryenta gida biyu. Ba don Allah take yi ba.

"Netflix ma ai tana yin masu kyau"

Tana yi, sosai ma. Kuma HBO ba waliyyiya ba ce. Mad Men da Breaking Bad duka sun bi ta ƙofarta ta bar su suka wuce, tashar AMC ta ɗauka ta ci riba. House of Cards ɗin ma Netflix ta ƙwace shi ne da ta yi alkawarin zango biyu, kashi 26, ba tare da ta nemi a yi na gwaji ba.

Bambancin yana wurin abin da tambari ke gaya maka. A manhajar mai-komai, shiri mai kyau na zaune ne a tsakiyar guda goma na cika-wuri, duka da jan harafi iri ɗaya a kansu. Ka ɗauki rimot bayan isha'i, ka yi ta gangarawa, ka buɗe wannan ka rufe, ka buɗe wancan, abincin ya huce, daga ƙarshe barci ya ɗauke ka ba ka kalli komai ba. Aikin tantancewa an bar maka shi, kuma kai ka biya.

Tasha mai daraja ita ke yi maka wannan aikin, kuma yawancinsa cewa "a'a" ne. Kashin gwaji na farko na Game of Thrones, shirin HBO, bai yi kyau ba, aka sake ɗaukar kusan dukkansa, har da canza wasu 'yan wasa. A 2019, lokacin da duniya ke jiran duk wani abu mai wannan suna, HBO ta ɗauki gwajin wani sabon labari daga gidan, an ruwaito ya ci sama da dala miliyan 30, ta duba ta ga bai kai ba, ta kulle shi a durowa. Kamfanin da ke ƙidayar sa'o'in kallo ba zai taɓa yin haka ba. Zai sake shi ne, ai ko banza za a kalla.

"Inganci ai kuɗi ne"

Nan ne nake ganin an fi ruɗar mutane. Zangon ƙarshe na Game of Thrones ya ci kimanin dala miliyan 15 kowane kashi, ga dodanni ga yaƙi ga gari na ci da wuta, amma shi ne zangon da masoya suka fi tsinewa, har fiye da mutum miliyan ɗaya suka sa hannu a takardar neman a sake shi. Rubutun ne aka yi wa gaggawa.

Ɗauki The Pitt kuma, wanda ya fito a manhajar Max a 2025. Kusan komai a sashen gaggawa na asibiti ɗaya yake faruwa a birnin Pittsburgh, kashi 15, kowane kashi awa ɗaya ce daga aikin yini guda. Babu dodo, babu jirgin sama. Kuɗin kowane kashi bai wuce dala miliyan 4 zuwa 5 ba, wanda a ma'auninsu araha ne. Shi ya lashe Emmy, babbar kyautar talabijin ta Amurka, a rukunin gwarzon wasan kwaikwayo a watan Satumban shekarar. Abin da aka kashe wa kuɗi da lokaci shi ne alƙalami, da likitocin da aka zaunar suna gyara wa marubuta kuskure.

"In haka ne, me ya sa aka sa ta a kasuwa?"

Wani zai ce, to ga shi duk ingancin bai hana a yi cinikin gidan ba. Haka ne. Amma bashi ne ya danne Warner Bros. Discovery, kamfanin da aka samu daga haɗewar 2022, wajen dala biliyan 50 tun ranar da aka haɗa shi, ga tashoshin kebul ɗinsa na ta zubar da masu kallo. Ba HBO ta ci wannan bashin ba.

A duba kuma me masu saye suka yi rububi a kai. A Disambar 2025 Netflix ta sanar da yarjejeniyar sayen Warner Bros. da HBO, Paramount ta taso da nata tayin. A tayin Netflix, tashoshin kebul irin su Discovery ba sa cikin abin da ta nema. Wato mai yawan da kanta, da ta tashi cefane, ba ƙarin yawa ta nema ba. Sunan da aka goge a 2023 ta miƙa wa hannu.

"Mu nan ƙwallo ce ke riƙe mutane"

Yanzu mu dawo gida, domin kamfanin da ya riƙa kawo mana shirye-shiryen HBO ta tashar M-Net da manhajar Showmax, wato MultiChoice mai DStv, yana cikin irin wannan guguwar. Ya sanar da cewa ya rasa masu biya kusan miliyan 1.4 a Najeriya cikin shekara biyu zuwa Maris 2025. Babban kunshin DStv ya tashi daga naira 29,500 zuwa 37,000 a Mayun 2024, ya kai 44,500 a Maris 2025, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000 a lokacin. Ga tsadar abinci, ga wutar da ba ta zama. A Satumban 2025 Canal+ na Faransa, wanda 'yan'uwanmu na Nijar suka fi sani, ya karɓi ragamar kamfanin.

Ba na musun cewa ƙwallo ce ginshiƙi. Je ka gidan kallo ranar Asabar da yamma: allo a ƙofa an rubuta wasannin ranar da alli, janareta na ruri a baya, benci a cike har wasu na tsaye, zafi kamar gidan burodi, ba mai motsawa. Dikoda ɗaya, mutum ɗari. Babu fim ɗin da ke yin wannan.

Amma ƙwallo haya ce, ba mallaka ba. Duk bayan 'yan shekaru sai a sake gwanjon haƙƙin nunawa, wanda ya fi kuɗi ya ɗauka. Mun gani da idonmu: HiTV ta ƙwace gasar Firimiya a Najeriya a 2007, mutane suka yi ta sayen dikodarta, da haƙƙin ya kuɓuce mata ba ta daɗe ba ta rufe a 2011. Ba ta da wani abu nata na kanta da zai tsayar da mutane. HBO kuwa ta bar damben da ya yi mata suna a 2018, bayan shekara 45, ba ta girgiza ba, domin tana da abin da ba mai iya saye a gwanjo. Ga shi yanzu Netflix da Amazon su ma sun shigo neman wasanni kai tsaye, farashi sai dai ya ƙara hawa.

Tashoshi ɗari da wani abu da ake lissafa wa mutum a takardar talla kuwa, kowa ya san biyar yake kallo.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ɓangaren Hausa. Africa Magic Hausa na nan tun 2010, amma an fi saninta da haska finafinan da aka riga aka yi. Shirye-shiryen da suka hana mata da matasa barci a Arewa, waɗanda ake jira mako-mako ana cacar baki a kansu, daga Arewa24 suka fito, wadda kyauta ake kama ta, sai kuma YouTube. Daɗin Kowa da Kwana Casa'in da Labarina ba tashar kuɗi ce ta haife su ba. Wanda ake biya ya bar wa na kyauta aikin da ya kamata a san shi da shi.

Su ma na YouTube ɗin cutar yawa ta kama da yawansu. Tunda talla ce ke biya, kuma kullum sai an saki sabon kashi, labarin da zai ƙare a kashi goma sai a ja shi ya haura ɗari. Mota ta taho, a nuna ta tun daga kwana, maigadi ya buɗe get, ta shiga, a rufe get, Alhaji ya fito, a gaisa, a tambayi mutan gida ɗaya bayan ɗaya. Minti biyar sun tafi, datarka ta tafi, labari bai motsa ba. Ban ga laifinsu sosai ba, tsarin ne ke biyan tsawo. Amma nan ne ƙofar take a buɗe ga duk wanda kuɗinsa ba daga talla yake zuwa ba.

Canal+ ya san wannan sana'ar. Tun 2019 ya sayi ROK, kamfanin shirya finafinai na Legas. In da gaske yake son Arewa da Nijar, abin yi ba ƙarin tashoshi ba ne. Ya ɗauki marubutan Hausa, muna da su tun daga masu littattafan Kano har zuwa masu rubutu a intanet yau, ya biya su su zauna wata shida a kan labari ɗaya mai kashi takwas, ya ba wani ikon cewa "wannan bai yi ba, a sake", ya yi guda uku ko huɗu a shekara.

Za a ce 'yan tura fim a waya za su kwashe shi washegari, a raba a memori a bakin kasuwa. Za su kwashe. Game of Thrones ya yi shekaru yana riƙe da kambun shirin da aka fi sata a duniya, HBO kuma ta ci ribarsa sosai. Da yawa daga masu zuwa wurin mai turawa ba ƙin biya suke yi ba, hanyar biyan ce ba a yi ta don su ba. A sayar musu a waya, kuɗin mako ko na zango guda, su sauke da datar dare su kalla da rana, su biya ta tiransifa ko a wurin mai POS. Amma a ce sai mutum ya sayi dish, ya nemo wuta, ya ajiye naira 44,500 duk wata kafin ya gani, to ko wane irin kyau shirin ya yi, a memori zai kalle shi.